Cibiyar Jariran Kwargaba

Litinin, 2 ga Satumba 1957, hantsi

Jariri na huɗu ke nan da anka rasa a Kwargaba cikin wata guda. Wani da yaz zo wankin gyambo ne yak kawo labarin. Kamar sauran ukun: an haihu lahiya, yaro shina tsotso, kwana biyat ko shidda sai shi ƙi nono, baki shi ɗaure, jiki shi sandare. Ba a kai ga yanka rago.

Shekarata biyu ina aiki ɗakin magani nan Wurno. Malam Mu'azu ne babba, ni ke duba mata da yara. Yau ya aje alƙalaminai yac ce, "Malama Turai, duk huɗun hannun tsohuwa guda ne, Habi ungozoma. Zan rubuta Sakkwato a hana ta karɓar haihuwa."

Nic ce, "In an hana ta, Malam, wa za shi karɓa? Ni kaɗai ce, kuma haihuwa ba ta jiran jakina shi isa Kwargaba."

Na roƙe shi mako shidda. Yac ce ya ba ni, amma in an ƙara rasa ɗaya takarda za ta tahi.

Na san abin da nike yi. An koya muna a makaranta: ƙazantar aska ce ke shiga ta cibiya. A tahasa aska, magana ta ƙare.

Kyauta ƙanwata can take aure, cikinta wata takwas. Wannan ban gaya ma Malam ba.

Larba, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Na je na dawo. Ruwa ya ci hanya wajen hwadama, sai da nis sauka nij ja jakin.

Inna Habi nit tarar ƙohwar ɗakinta tana kaɗi. Gajerar tsohuwa ce, in ta kalle ka ba ta ƙyahtawa. Rabin garin ita tay yanke musu cibiya, har Sale mijin Kyauta. Yanzu mata ratse ma gidanta suke yi in za su rijiya.

Na sa an kira ungozomai biyu na ƙauyukan kusa. Nit tsaya bisa kansu da hwarin kallabina niy yi ta bayani: a hura wuta, a sa aska cikin ruwa, shi tahasa sosai, a wanke hannu. Duk inda nit tsaya sai su ce, "To, Malama." Ba wadda tay yi musu. Na dawo raina hwari tas.

Jumma'a, 6 ga Satumba, sahe

Gero ya nuna, an hwara yanka. Ba labari daga Kwargaba, wato lahiya.

Litinin, 9 ga Satumba, azahar

An haihu ranar Asabar gidan wani maƙeri. Ba a tahasa komi ba.

Na shiga wurin Inna Habi da hushi, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ta bar ni nig gama sannan tac ce, "Zauna, ɗiyata. Kin taɓa karɓar haihuwa cikin damina a ɗakin da ke yoyo?"

Nic ce a'a.

"To ni an kira ni kai ya riga ya hito. Icce jiƙaƙƙe. Ni kaɗai, sai wata makauniyar tsohuwa. In bar uwa durƙushe in tahi neman garwashi? Ke ranar nan magana kiz zo yi, ba tambaya ba. Mun ce to don mun ga kin gaji."

Kunya ta rufe ni. Gaskiya tah hwaɗi. Ban tambaye su komi ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Yau na bar kallabin gida. Na shimhiɗa tabarma gidan Inna Habi niz zauna ƙasa tare da su, nic ce su nuna mini yadda suke yi tun daga kira har a binne mabiyiya. Da hwarko sun ɗauka tarko ne. Da Inna Habi tat tashi taɗ ɗauko tsumma tan naɗe shi kamar jariri tana nunawa, sai sauran sunka saki jiki, har suna gardama da juna. Guda tana yanka da aska, guda da ɓawon kara. Zaren ɗauri kuwa duk wanda hannu yak kai gare shi.

Nic ce, "To yaya za a yi aska ta sha wuta ba tare da an bar uwa ba?"

Inna Habi ce tak kawo dabara. Ba gidan da ake naƙuda da ba a ɗora tukunyar ruwan wankan jego tun da wuri, kuma iccen jego ana tara shi busasshe tun ciki na wata bakwai. Tac ce a gaya ma matan gida, da naƙuda ta hwara su jefa aska da zare cikin tukunyar, kahin ungozoma ta iso sun dahu. Ni da makarantata ban yi wanga tunani ba.

Mun yi shawara uku. Abu guda za mu sauya, mu ga abin da za shi biyo baya. Kowace Alhamis mu haɗu nan, kowa ta hwaɗi abin da tag gani, mai daɗi da marar daɗi. Kuma tunda ba su rubutu, Inna Habi ta kawo ƙoƙo biyu: in an haihu a sa ƙwayar wake cikin na hwarko, in yaro ya cika mako biyu a maida ta cikin na biyu.

Na biya wurin Kyauta. Ƙahwahunta sun ɗan kumbura, ba abin tsoro ba. Uwar mijinta, Gwaggo Ma'u, ta ba ni hura, amma tac ce ita Habi ba za ta taɓa jikanta ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, la'asar

Wake uku cikin ƙoƙo. Duk ukun an tahasa aska da zare. Matan gida ma sun ji daɗin an ba su aiki. Na san abin da nike yi.

Lahadi, 22 ga Satumba, hantsi

Ɗan gidan Mode mai saƙa, ɗaya daga cikin ukun, ya ƙi nono tun jiya. Kwanansa shidda. Na je. Na ga bakin.

Litinin, 23 ga Satumba, azahar

An kai shi makwancinai.

Talata, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Takarda ta tahi Sakkwato yau. Malam Mu'azu bai yi mini hwaɗa ba. Ya ce alkawari alkawari ne, kuma ban ga laihinai ba.

Inna Habi ta naɗe askarta cikin tsumma ta aje gabana. Akwai abin da anka yi mata ƙohwar gida jiya, ba ta so a yi maganarsa, ni ma ba zan rubuta shi ba. Tac ce, "Ga ta nan. Na tahasa, na wanke hannu har hwata ta yi hwari. In hannuna ne, a sare shi."

Nic ce ban yarda hannunta ne ba. Tac ce, "To mi ne?"

Nic ce ban sani ba. Tun da nih hwara aiki ban taɓa hwaɗin haka gaban kowa ba.

Can sai nic ce, "Inna, in kin yanke kin ɗaure kin tahi gida, wa ke taɓa cibiyar?"

Ta kalle ni. "In na hita, ɗa na kakanni ne. Ni ba ni komawa sai wankan sahe. Abin da ake yi tsakani ba a gayyata ta."

Na tura mata askarta. Ba ta ɗauka ba, amma ba ta ce in tahi da ita ba.

Jumma'a, 27 ga Satumba, yamma

Jiya an haihu wani gida bakin gari. Yau na yini can. Ban je da jaka ba, na ce barka niz zo. Na taya su tankaɗe, na riƙe bakina, na buɗe ido.

Awakin gidan biyat ne, saboda ruwa an ɗaure su ƙarƙashin rumfar da murhu yake. Bayan azahar kakar yaron tat tahi murhun da ƙoƙo, tad debi toka ta haɗa da ƙasar gehe, tam murtsuke da yatsa, tat tohwa miyau. Ta gasa hannunta ga wuta tad danna cibiyar, sannan taɗ ɗauko haɗin za ta barbaɗa don ta bushe da wuri. Da ƙauna take yi. Tana yi mishi waƙa.

Na riƙe hannunta. Ban san sanda nit tashi ba. Na roƙe ta don Allah ta bari sai gobe, ta yi mamaki amma ta bari.

Na san irin ƙoƙon nan. Na san ƙamshin tokar. Shekara huɗu ke nan, a wani gida, kahin in tahi makaranta.

Ya isa haka yau.

Litinin, 30 ga Satumba, la'asar

Na bi lori zuwa Raba, don an ce akwai wata ungozoma Mero da ba a cika rasa yara hannunta ba. Na same ta, doguwa, murya kamar namiji. Ita ma da aska take yanka, tana ƙona ta ga wuta. Amma in ta ɗaure cibiya sai ta tara matan gida ta ce duk wadda tas sa ma yaron wani abu, ita Mero ba za ta ƙara tako gidan ba. Kuma suna jin tsoronta.

To ga zaren na kama. Sai dai Inna Habi yanzu ba ta da bakin da za ta tsawata ma kowa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, yamma

Taron yau da kakanni munka yi shi. Na bi gida gida na gayyato duk tsohuwar da ke da mai ciki. Tara sunka zo, wasu don su ga ƙwam ne kawai.

Na hwaɗi abin da nig gani, ban kama sunan kowa ba: ƙasar da awaki ke kwana kanta, ita ke shiga toka, tokar ke shiga cibiya. Nic ce ina zato nan ciwon yake, amma zato ne, ina so mu gwada tare.

Gwaggo Ma'u tat tashi. "Ɗiya tara nih haihwa, duk da toka. Uwata ma da toka. Yau yarinyar da anka yi goyo jiya za ta ce mu ke kashe jikokinmu?"

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wasu har sun ɗauki takalmansu.

Ban shirya ba, bakina ne yah hwaɗa. Nic ce, "Gwaggo, nawa ɗan ma toka anka sa mishi. Ni nir riƙe ƙoƙon. Kwana shidda yay yi. Ba wadda tak kashe shi, ba mu sani ba ne."

Ko Kyauta ba mu taɓa yin maganar da ita ba. Waɗanda sunka tashi sunka koma sunka zauna.

Nic ce to a bar cibiya haka nan, kar a sa komi, kamar yadda ake yi Raba. Sai Inna Habi tag girgiza kai. Tun shigowarsu ba ta yi magana ba. Tac ce, "Ba za shi yiwu ba. Tsohuwa ba ta kallon jikanta hannu wohi. Za ta ce miki to, kina hita ta koma murhu. In kin karɓe toka, ki ba ta abin sawa."

Wata tac ce, "Gaskiya ta."

Sai nit tuna da shuɗin maganin da muke shahwa ma gyambo. Yana busar da ciwo, kuma ana ganinsa, in an sa ba a ɓoyewa. Mun tsaida magana: aska cikin tukunya kamar da, sannan kaka ce da kanta za ta shahwa shuɗi sahe da yamma, bayan ta wanke hannu. Gashi da hannu mai ɗumi a ci gaba, ba ruwana da shi. Toka dai a bari.

Gwaggo Ma'u ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, hantsi

Malam Mu'azu ya zuba mini shuɗin cikin ƙananan kwalabe goma sha biyu yana ƙunƙuni. Ya ce Sakkwato sun amsa, likita Bature za shi zo ƙarshen wata shi duba maganar Habi. Da zan hita yac ce, "Ki ɗaure bakinsu da kyau kar su zube bisa jaki." Shi dai haka yake nuna yarda.

Larba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Kyauta ta sauka. Mace.

Da naƙuda tak kama ta da hantsi an aiko mini, amma ta san ba zan iso kan lokaci ba. Tac ce a kira Inna Habi. Gwaggo Ma'u tat tsaya ƙohwa. Kyauta, da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban surukarta ba, tac ce, "Gwaggo, ita tay yanke ma ɗanki, ga shi nan tsaye da gemu. A kira ta." Anka kira ta.

Ko da nis iso an gama. Aska ta sha tukunya. Na miƙa ma Gwaggo kwalba, tak karɓa kamar an ba ta kunama.

Alhamis, 10 ga Oktoba, sahe

Cibiya shuɗiya. Yatsun Gwaggo ma shuɗi. Ta ɓoye su cikin zane da tag gan ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Jaririyar ta ƙi nono. Kwana biyat yau. Ina nan gidan. Na san abin da nike yi, na duba cibiya, ta bushe, ba wari, ba toka, na tambayi Gwaggo ta rantse. Na duba baki sau nawa ban sani ba.

Lahadi, bayan azahar

Ta kama! Nonon ne yac cika yay yi tauri har ba ta iya kamawa. Inna Habi ce tag gane, ta sa tsumma cikin ruwan ɗumi tam matsa, yarinya tah hau tsotso kamar za ta haɗiye uwar. Ni da nike kallon baki kaɗai ban kalli uwar ba. Na hita bayan rumbu na daɗe can.

Larba, 16 ga Oktoba, la'asar

An yanka rago. Khadijatu. Ni dai ban saki raina ba tukuna, sai ta cika mako biyu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, la'asar

Ta cika jiya.

Taro ya yi kyau. Wata kaka ta amsa da bakinta cewa rana ta biyu ta ƙara toka bisa shuɗin, don ta ga cibiyar ba ta hwaɗi da wuri ba. Ba wadda tay yi mata hwaɗa. An wanke, yaron lahiya lau. Amma mun koyi abu: dole a gaya musu tun hwarko cewa cibiyar shuɗi takan ƙara kwana ɗaya ko biyu kahin ta hwaɗi, kar su tsorata. Ungozomai za su riƙa hwaɗin haka da sun yanke.

Talata, 29 ga Oktoba, yamma

Likita ya zo, Malam Mu'azu ke yi mishi tahinta. Na kai shi gidan Inna Habi. Ya tambayi lissahi, tat tura mishi ƙoƙunan gabanai. Tun da anka hwara shuɗi an haihu tara. Shidda sun wuce mako biyu, uku suna hanya, ba a rasa ko ɗaya ba.

Ya daɗe shina kallon waken. Sannan yac ce tara ba yawa ba ne. Kuma ruwa ya ɗauke, an hitad da awaki daga rumhuna, ina nis san ba wannan ne yak kawo sauƙi ba?

Nic ce ban sani ba, tambayarsa tana kan hanya. Shi ya sa ba za mu daina ƙirga ba har damina ta zagayo. In yara sun hwara mutuwa da shuɗin a jikinsu, za mu sake zama mu nemi inda munka kuskure, kamar yadda munka yi sau biyu. Wannan karon ban ji kunyar hwaɗin ban sani ba.

Ya tambayi Inna Habi ko tana da magana. Tac ce a gaya mishi shi ɗaga, ya zauna mata bisa audugarta. Malam Mu'azu ya rasa yadda za shi juya ta zuwa Turanci.

Ba a hana ta aiki ba. Ya ce in aiko mishi da lissahin duk wata uku.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau mun yi baƙi. Mata biyu daga Shinaka, ƙasar Goronyo, sun kwana hanya bisa jaki guda. Labari ya kai musu ta bakin masu cin kasuwa. Sun rasa uku bana.

Na buɗe baki zan hwara, sai Gwaggo Ma'u tar riga ni. Ta zo da Khadijatu goye, ta hitad da hannunta duka biyu, don yanzu ita ke zagayawa tana shahwa ma jikokin maƙwabta. Tac ce musu, "Ku saurara da kyau. Ni tun da can raina bai kwanta da tokar nan ba. Ni nic ce ma yaran nan a nemo abin da yah hi ta."

Inna Habi tad dube ni, nid dube ta. Kyauta tas sunkuyad da kai tana ɓoye dariya.

Matan Shinaka kuwa sun matsa kusa da Gwaggo, suna juya yatsunta suna tambaya, sau nawa a rana, da wane hannu, in uwar miji ta ƙi fa? Tana ba su amsa daidai, ba kuskure ko ɗaya. Da ni nig gaya musu, "To, Malama" kawai za su ce.

Na bar mata. Litinin in Allah ya kai mu za mu Shinaka, mu uku, ni da Inna Habi da Gwaggo. Gwaggo ta ce ita ce za ta hau jakin.